Goro ya haura, shanu sun gangaro: tarihin da muka bari a Zangon Agege

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara idan ranar 1 ga Oktoba ta zagayo, jaridunmu da gidajen rediyonmu da masu rubutu a Facebook sukan fito da hoton nan guda ɗaya na dalar gyaɗa ta Kano, a yi ta juyayi ana cewa ga arzikin da Arewa ta yi sakaci da shi. Ba na musun cewa gyaɗa ta yi rana. Amma ni da aka haifa a Agege, aka haifi mahaifina a Agege, kakana kuma fataucin goro ya kawo shi Ikko, wato Legas, ina ganin mun taƙaita tarihin arzikin ƙasar nan a kan hoto ɗaya, mun manta da wani ciniki da ya riga gyaɗa, ya kuma fi ta zama namu: goron da ke haurawa Arewa da shanun da ke gangarowa Kurmi.

Tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa, fatake suna tashi daga Kano da garuruwan da ke kewaye da ita su nufi Gwanja, a arewacin ƙasar da ake kira Gana a yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan tafiya. Ayari yakan tashi da jakuna da mutane masu yawa a ƙarƙashin madugu, ga jagaba a gaba, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, suna biyan fito da kuɗin hanya ga sarakunan da suka bi ta ƙasarsu, har su isa Salaga, inda goron kurmin Ashanti yake fitowa kasuwa. Abin da suke kaiwa shi ne kanwa da tufafin saƙi da na rini da kayan fata da dabbobi, kuma gaskiya ta sa a faɗa, har da bayi a wancan zamani. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci shekara takan kewayo kafin mutum ya ga iyalinsa. Wannan ciniki ya haifar da attajirai, ya haifar da zanguna a kan hanya, ya yaɗa harshen Hausa har bakin teku, ba tare da banki ko kamfani ko gwamnan mulkin mallaka ya sa hannu ba.

Abin da ya karkato da wannan hanya zuwa Legas yana da ban mamaki, domin da hannun Hausawan Legas a ciki. Bayan Ingila ta karɓe Legas a 1861, wani jami'inta mai suna Glover ya kafa wata 'yar runduna a 1863, mafi yawanta Hausawa ne da suka kuɓuto daga bauta a ƙasar Yarbawa, kuma daga wannan runduna ce sojan Najeriya da 'yan sandanta suke kirga asalinsu. Sojojin Hausa na Glover suna cikin waɗanda suka shiga yaƙin da aka yi da Ashanti, wanda ya kai ga ƙone Kumasi a 1874. Ƙarfin Ashanti ya karye, Salaga ta fara ja da baya, sannan yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Sai fatake suka gano cewa maimakon a kora jakuna wata da watanni, ana iya sauko da goro bakin teku a loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan sabuwar hanya tun yana saurayi, kafin sunansa ya haɗu da gyaɗa. Mutane da yawa da ke ambaton sunansa a yau ba su san cewa jarinsa na farko daga huhun goro ya fito ba.

Sai layin dogo ya zo. An fara shimfiɗa shi daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya isa Ibadan a 1901, jirgi kuma ya shiga Kano a 1911. A nan ne Agege ta shigo cikin labari. A farkon ƙarni na 20 wasu 'yan bokon Legas, irin su J.K. Coker, sun buɗe manyan gonakin koko a Agege har suka kafa ƙungiyar manoma a 1907, kuma daga irin waɗannan gonaki da na Ota ne dashen goron Gwanja ya bazu zuwa Ifo da Abekuta da Shagamu. Yarbawa suna da nasu goron tun asali, wanda suke kira abata, mu kuma muke ce masa hannun ruwa, amma ba shi Bahaushe yake so ba. Goron da suka dasa domin kasuwar Arewa, har gobe sunansa a bakinsu gbanja, wato Gwanja. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a kan wannan kalma: manomi Bayarabe ya canza abin da yake shukawa a gonar ubansa saboda abin da ake ci a Kano da Katsina da Sakkwato, ya kuma raɗa wa itacen sunan hanyar fataken Hausa. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna cewa kasuwa ta haɗa mutanen ƙasar nan da kansu ba, ko da takardar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa da ita a 1914 ba ta zo ba.

A wannan zamani ne kakana ya sauka a Zangon Agege. Abin da na sani game da yadda cinikin yake gudana, daga bakin mahaifina na ji shi, wani kuma na gani da idona ina yaro. Ginshiƙin al'amarin shi ne maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Baƙon da ya zo daga Arewa da kuɗinsa ko da shanunsa ba ya kwana a titi, ba ya kuma shiga kasuwa shi kaɗai. Gidan maigida zai sauka, a ba shi ɗaki, a ba shi tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da dillali wanda ya san harshen gari da halin mutanensa. Matan Yarbawa ne suke shiga ƙauyuka su sayo goro daga manoma, su ɓare shi, su wanke, su bar shi ya sha iska, sannan su kawo Zango. A nan za a zauna a tsince, a ware goriya daban, marsa daban, minu daban, wato manya da matsakaita da ƙanana, a fitar da duk wanda sankara ta taɓa domin guda ɗaya yakan lalata huhu, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari, a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure. Goro abu ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ba ya kuma son a manta da shi. Wanda ya iya adana shi har ya zama daushe, shi ne yake cin ribar shekara. Wannan ilimi ne sosai, ko da yake babu makarantar da ta taɓa ba da takardar shaida a kansa.

Ta ɓangaren shanu ma haka tsarin yake, sai dai nauyin da ke kan maigida ya fi girma. Kurmi ba wurin kiwon manyan shanunmu ba ne, saboda ƙudan tsando da cutar sammore, don haka tun da daɗewa naman da Legas take ci daga Arewa yake zuwa. Da can da ƙafa ake koro su, saniya ta iso a rame, wadda ta kamu da cuta kuma dole a sayar da ita cikin gaggawa. Da jirgi ya samu sai aka koma loda su a tarago. Mahautan gari ba su da kuɗin da za su biya nan take, sai dai su karɓa bashi, su yanka, su sayar, su kawo kuɗi bayan 'yan makonni. Mai shanu bai san mahauci ba, bai jin harshensa, babu takarda, babu lauya. Maigida ne yake tsaya wa, kuma idan mahauci ya gudu, shi zai biya daga aljihunsa, domin ran da aka ji a Arewa cewa dukiyar baƙo ta salwanta a gidan wane, ran nan gidan ya mutu. Na ga mahaifina ya sayar da fili don ya cike kuɗin wani baƙo daga ƙasar Haɗeja, bai kuma taɓa kiran abin asara ba. Dukiya mai yawa ta riƙa ratsa fiye da kilomita dubu tsakanin Kano da Legas a kan wannan amana kaɗai.

Yanzu a kwatanta da gyaɗa. Turawa ba don gyaɗa suka kai jirgi Kano ba, auduga suke nema domin masaƙun Ingila. Manoman Kano ne suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, ana kuma iya cin ta idan kasuwa ta ƙi, sai suka juya mata daga 1912, attajiran goro kuma, da yake suna da jari da yara a ƙauyuka, suka zama su ne masu sayo ta. Wannan abin yabo ne ga basirar talakan Kano. Amma daga ranar farko ba a hannunsa farashin yake ba. Kamfanonin Turai ne suke yanka shi bisa abin da masu yin sabulu da man girki suke biya a can, ejan ya ci nasa, 'yan baranda su ci nasu, sikeli ma wani lokaci ya ci nasa, ga haraji yana jiran manomi da kaka, wanda dole da kuɗin Bature za a biya shi. Kada kuma a manta cewa shekara biyu kacal bayan fara wannan harka aka yi yunwar Kakalaba, wadda ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Kano a 1914.

Daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayen amfanin gonar da ake fitarwa waje. An kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, aka mayar da ita ta Jihar Arewa a 1954. Hujjar da aka bayar ita ce a kare manomi daga hawa da saukar farashi, amma a aikace an riƙa biyansa ƙasa da abin da ake samu a kasuwar duniya, rarar kuma ta zama kuɗin gwamnati. Ba na cewa an watsar da kuɗin nan duka. Wani kaso ya shiga ayyukan raya ƙasa, irin su masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, kamar yadda kuɗin koko ya taimaka wa Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955. Abin da nake cewa shi ne, manomin gyaɗa ne ya biya, kuma ba kasafai ake tuna shi ba idan ana yabon shugabannin wancan lokaci. Ita kanta dalar da muke alfahari da ita, babban dalilin tashinta shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe gyaɗar zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a kan kari, saboda ƙarancin injuna da taragu bayan yaƙi. Buhuna suka riƙa taruwa, wani lokaci kaka ta riski kaka, an lulluɓe su da tamfal, ƙwari suna ci. Dala shaidar ƙwazon manomi ce, haka ne, amma kuma shaidar cunkoso ce, da shaidar cewa amfanin yana jiran a kai shi wata ƙasa a sarrafa shi a can.

Ƙarshenta ya zo da sauri. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar da ke kanannaɗe ganyen gyaɗa ta ƙarasa abin da ya rage a 1975, kuɗin man fetur kuma, wanda aka gano a Oloibiri a 1956 aka fara fitarwa a 1958, ya sa gwamnati ta daina damuwa da abin da ke fitowa daga gona. Mu da muke Legas mun ga wancan zamani ƙuru-ƙuru. Ina saurayi lokacin da aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, kaya suka yi tsada a kasuwa cikin 'yan makonni, na kuma ga ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti sun yi cirko-cirko a bakin Apapa a 1975, suna jiran layi wata da watanni ana biyan su kuɗin jira. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Gyaɗar fitarwa waje ta yi kamar shekara sittin tana tashe, sannan ta kwanta. Goro da shanu kuwa, waɗanda babu hukumar saye da aka kafa musu, babu wanda ya ɗauki hotonsu ya sa a kalanda, har yau suna nan suna tafiya.

Duk mai shakka ya zo mayankar Oko-Oba da asuba, ko ya tsaya a kasuwar Kara da ke bakin kogin Ogun a kan hanyar Ibadan, ya ga shanun da suka kwana a tirela daga Maigatari da Potiskum da Mubi da Illela. Ya wuce kasuwar Mile 12 ya ga kwandunan tumatir daga Kadawa da Ɗanja, da albasar Aliero, da tattasai da attarugu da wake. Wannan shi ne fataucin kakanninmu a sabuwar riga, kuma yawancinsa har yanzu a kan bashi da amana da dillali da la'ada yake gudana. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabi a Legas, a daidai lokacin da yake ruɓewa a hannun manoma a Kano. Ban goyi bayan wancan mataki ba, domin ya cuci talaka a ɓangarorin biyu, amma ya nuna wa kowa abin da 'yan siyasa ba sa son faɗa, wato babu ɓangaren da yake ciyar da wani kyauta, kowa yana cin arzikin ɗan'uwansa ne.

Sai dai abubuwa biyu sun lalace, kuma su ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Na farko shi ne hanya. Tun daga shekarun 1980 jirgin kaya ya riƙa ja da baya har ya zama sai an yi sa'a, komai ya koma kan tirela. Saniya takan yi kwana biyu ko uku a tsaye ba ci ba sha, yaran da ke rakiyarta suna zaune a saman ƙarfe, kuma Allah kaɗai ya san yawan waɗanda muka binne sakamakon haɗari a wannan hanya. Ga shingaye barkatai, kowanne da abin da ake karɓa, duk kuma a kan mai sayen nama da mai miya yake ƙarewa. A 2016 an yi gwajin ɗauko shanu a jirgi daga Gusau zuwa Oko-Oba, muka yi murna, amma abin bai ɗore ba. An buɗe sabon layin Legas zuwa Ibadan a 2021, yana kuma ratsawa ta Agege, na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, amma muddin ba a haɗe su ba har Kano, aka kuma tanadi taragun dabbobi da na kayan gwari masu sanyi, to ba a mayar mana da abin da kakanninmu suka mora tun fiye da shekara ɗari ba.

Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne rushewar gidan maigida. Bayan karyewar darajar naira daga 1986, da rufewar masaƙun Kakuri da masana'antun Bompai da Sharaɗa ɗaya bayan ɗaya, sannan rikicin Boko Haram daga 2009, da ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, irin mutanen da ke zuwa Legas ya canza. Da can mutum yakan zo da jari, ko ya zo ci-rani da sunan gidan da zai sauka a bakinsa. Yanzu yaro ɗan shekara goma sha shida yakan hau bayan tirela ya sauka a Legas bai san kowa ba, ya kwana a ƙarƙashin gada ko a kangon gini, ya yi acaɓa, ko ya tura baro, ko ya shiga jari-bola. Da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a manyan ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma ƙara tsanantawa a watan Yunin 2022, dubban irin waɗannan yara suka wayi gari babu abin yi. Ba su da wanda zai tsaya musu idan an kama su, ba su da wanda zai tsawata musu idan sun yi ba daidai ba, kuma laifin ɗayansu a kan dukanmu yake faɗawa. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, wasunsu suna iya ƙoƙarinsu, amma sarauta daban take da ɗaki da tuwo da lamuni, waɗanda su ne suke mayar da baƙo mutum mai adireshi.

Mun ga abin da rashin sanin juna yake haifarwa. Mun ga rikicin Shagamu a watan Yulin 1999 da ramuwar da ta biyo baya a Kano, mun ga Ketu a ƙarshen 1999 ɗin, mun ga Idi-Araba a 2002, mun ga Mile 12 a 2016. A kowane ɗaya daga cikinsu na ji ana cewa baƙi su koma garinsu. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wace irin raɓa ce take shekara ɗari da hamsin ba ta bushe ba? Unguwar Obalende ta Legas da zuriyar sojojin Hausa ta kafu. Maƙabartunmu suna nan, kakannin da yawa daga cikinmu mata Yarbawa ne, 'ya'yanmu suna jin Yarbanci kamar Hausa. Duk da haka, lokacin da ɗana yake neman shiga jami'a aka buƙaci takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, a wani ofishi a nan aka ce masa sunansa bai yi kama da na 'yan gari ba, ya tafi jiharsu. Da ya je garin da kakana ya baro, sai da aka nemo dattijon da ya tuna gidanmu kafin a sa masa hannu, ana kiransa ɗan Ikko. Yaron ya dawo ya tambaye ni, "Baba, mu 'yan ina ne?" Abin da na iya yi shi ne na zaunar da shi na ba shi labarin da na rubuta a sama, na kuma gane a ranar cewa ban taɓa ba shi ba sai da ya tambaya.

A nan dole mu karɓi namu laifin. Iyayenmu sun tara dukiya a goro da shanu, amma kaɗan ne suka mayar da ita makaranta ko masana'anta. Yawanci idan maigida ya rasu sai a raba gado, gidan saukar baƙi ya zama ɗakunan haya, sunan ya ɓace. Maƙwabtanmu sun tura 'ya'yansu boko tun da wuri, suka kuma haɗa shi da ilimin addini, kamar yadda Markaz ta Shehu Adamu Al-Ilori da ke nan Agege ta nuna cewa ana iya tsara karatun Larabci da aji da jarrabawa. Mu kuwa mun daɗe muna ganin ciniki ya wadatar. Gidan da ya bi ɗaya hanyar kowa ya ga inda ya kai: matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a 2023 ta Aliko Ɗangote ce, wanda ta wajen mahaifiyarsa tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne. Ba ina nufin kowane gidan goro zai iya gina matata ba. Ina nufin jarin da aka tara ta hanyar fatauci yana iya rayuwa fiye da mai shi idan an tsara shi, kuma mafi yawanmu ba mu tsara ba. Sa'annan ba mu rubuta komai ba. Shekaru da dama an cire darasin tarihi daga ƙananan makarantun ƙasar nan, da aka dawo da shi kuma ban ga littafin da ya gaya wa ɗan Agege ko ɗan Fagge yadda kakanninsu suka yi hulɗa ba.

Saboda haka ina da roƙo ga wannan jarida, domin ita ce take shiga hannun mutanen da abin ya shafa. Ku turo wakili ya zauna da dattawan Zangon Agege, da na Sabon Shagamu, da na Sabon Ibadan da aka kafa tun 1916, ya ɗauki muryoyinsu da Hausa, a riƙa bugawa kaɗan-kaɗan. Kada ya tsaya a kan maza Hausawa kaɗai, ya nemi tsofaffin matan Yarbawa da suka yi shekara arba'in suna kawo goro Zango, da tsofaffin mahauta, da tsofaffin ma'aikatan reluwe na Ebute Metta, domin rabin labarin a wurinsu yake. Waɗanda suka ga zamanin da ake loda huhu a tashar Agege sun haura shekara tamanin, kuma a cikin shekara biyun da suka wuce na halarci jana'izar uku daga cikinsu. Ina kuma kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Oko-Oba, waɗanda suke karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace mota, da su ware wani abu su gina masauki mai rajista ga yaran da ke sauka, a san sunan kowa da garinsu da sana'ar da za a koya masa. Ba sabon abu nake kawowa ba, aikin maigida ne, sai dai yanzu ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ni kaina ina da abin da zan fara bayarwa. A cikin wata tsohuwar adakar ƙarfe da na gada akwai littattafan lissafi guda uku na kakana, da ajami aka rubuta su, da tawadar da ta fara kodewa. A ciki akwai sunayen baƙin da suka sauka a gidansa da garuruwansu, da yawan huhun da kowa ya ɗaura, da kuɗin jirgi da fam da sule, da sunayen matan da suka kawo goro da abin da ake bin kowa da ranar da ya biya. Idona ya yi rauni, 'ya'yana kuma ba su iya karanta ajamin wancan zamani ba. Idan wakilinku zai zo, ko wani malamin tarihi daga Bayero ko Zariya ko Jami'ar Legas ya ga wannan wasiƙa, na bar adireshina a wurin Edita. Ana samuna a gida kowace rana bayan sallar La'asar, ban da Juma'a.

Wassalam.

Naku,
Wani jikan fatake,
Zango, Agege, Legas.